Hanyar da na bi kafin in taka tsibirin Ascension

A watan Satumba na 2023 ne wasiƙa ta zo mini daga wani abokin aiki da ke koyarwa a wata jami'a a Ingila, yana tambaya ko zan iya zuwa tsibirin Ascension na makonni biyar domin mu auna yadda wani itacen ƙaya ke mamaye ƙasa a can. Itacen shi ne wanda masana ke kira Prosopis juliflora, ɗan'uwan ƙiryar da muka sani, amma asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kuma shekaru na yi ina bin sawunsa a yankin Tafkin Chadi, inda ya cika wuraren da ruwa ya janye har ya hana masunta da makiyaya hanya. Na amsa da murna a ranar, ba tare da na san cewa tsakanina da tsibirin akwai watanni huɗu na takardu ba. Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne, a duk tsawon watannin ban samu bayani ko ɗaya da aka rubuta domin mai fasfo irin nawa ba, domin yawancin masu zuwa can 'yan Birtaniya ne ko Amurkawa ko mutanen Saint Helena, kuma matsalolinsu daban suke da namu.

Kafin komai sai da na nemi wurin a taswira, kuma ina ba duk mai niyya shawarar ya fara da haka, domin yanayin wurin shi ne ya haifi kusan kowace doka da zai tarar. Ascension tsibiri ne na duwatsun aman wuta a Kudancin Tekun Atlantika, ƙasa kaɗan da layin da ya raba duniya biyu, kimanin kilomita 1,600 daga gaɓar Afirka da fiye da kilomita 2,200 daga Barazil. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 88 ba, mutanen da ke cikinsa kuma wajen 800 ne. Ƙasa mafi kusa da shi ita ce tsibirin Saint Helena, wanda ke da nisan kusan kilomita 1,300 ta kudu maso gabas. Tsibiran biyu, tare da wani tsibiri mai suna Tristan da Cunha, yanki ɗaya ne daga cikin yankunan Birtaniya na ƙetare, a ƙarƙashin tsarin mulkin 2009 wanda ya ba ukun matsayi daidai. Gwamnansu ɗaya ne, yana zaune a Jamestown da ke Saint Helena, amma a Ascension akwai Kantoma da ke wakiltarsa a garin Georgetown, kuma tsibirin yana da gwamnatinsa da dokokinsa na shige da fice.

A nan kuskurena na farko ya faru. Na ɗauka cewa tunda yankin na Birtaniya ne, bizar Birtaniya za ta ishe ni, har na fara cika fom ɗinta a makon farko, na kuma nemi takardar bayanan asusuna daga banki. Sai da abokin aikin nawa ya haɗa ni da jami'ar da ke kula da baƙin masu bincike a sashen kare muhalli na gwamnatin tsibirin, ita ce ta bayyana mini a wasiƙa ɗaya cewa bizar Birtaniya ba ta ba kowa izinin sauka a Ascension, izinin Ascension ba ya ba kowa damar shiga Birtaniya, kuma Saint Helena ma nata tsarin daban ne duk da gwamna ɗaya da suke da shi. Kowane baƙo, har ɗan Birtaniya da aka haifa a Landan, sai ya nemi izini kafin ya hau jirgi, in ban da 'yan ƙalilan da doka ta keɓe, irin su sojan da ke bakin aiki. Da na karanta wannan sai na ajiye fom ɗin da na fara, kuma hakan ya zama alheri, domin ba a neman bizar ziyara ta Birtaniya sai ya rage watanni uku ko ƙasa da haka a yi tafiya, ni kuwa a lokacin ko ranar tafiya ba ni da ita.

Mataki na farko na gaskiya shi ne izinin bincike. Duk wanda zai yi aikin kimiyya a kan tsirrai ko dabbobi ko ƙasar tsibirin sai ya samu wannan takarda daga sashen kare muhalli, kuma a kanta ne bizar mai bincike take dogara. Fom ɗin ya nemi in bayyana abin da zan yi, da wuraren da zan shiga, da kayan aikin da zan kawo, da abin da zan ɗauka in fita da shi, da kuma yadda zan ba su sakamakon aikin. Na haɗa da takardar jami'armu da ke nuna an ba ni hutun bincike, wadda ita kanta ta ci makonni uku tana yawo daga tebur zuwa tebur. Shugaban sashenmu, da na kai masa takardar, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan wurin a wace ƙasa yake?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tsakiyar teku ne, Turawan Ingila ke riƙe da shi." Ya sa hannu, ya yi mini addu'ar dawowa lafiya. Bayan na aika komai a tsakiyar Oktoba, na jira kusan makonni shida, a tsakani sun dawo mini da tambayoyi sau biyu, ɗaya a kan magungunan da zan yi amfani da su wajen adana ganye, ɗaya a kan wani wuri da na sa a taswirata wanda ashe yana cikin filin sojoji. Na cire wurin. A gurbin da aka tambayi abin da zan fita da shi na rubuta "babu", domin a lokacin tunanina awo da hotuna kawai zan yi, kuma zan dawo kan wannan kalma daga baya.

Ina cikin wannan jira ne na fara neman hanyar zuwa, kuma hanyoyin fasinja biyu ne kacal. Ta farko ita ce jirgin ma'aikatar tsaron Birtaniya da ke tashi daga sansanin sojan sama na Brize Norton, kusa da Oxford, sau biyu a mako, ya yada zango a Ascension ya sha mai, sannan ya wuce tsibiran Falkland. Ana ware kujeru kaɗan a cikinsa domin farar hula, kuma ta ofishin tafiye-tafiye na gwamnatin tsibirin ake neman su, ba a samun su a wurin dillalan tikiti na kasuwa. Wannan hanya a rufe take tun daga 2017, lokacin da titin saukar jiragen ya lalace har manyan jirage suka daina sauka, sai a 2023 aka kammala gyara ta dawo, saboda haka duk wani bayani da aka rubuta a tsakanin shekarun nan zai iya ɓatar da mutum, kamar yadda wani ya kusa ɓatar da ni. Ta biyu ita ce jirgin kamfanin Airlink daga Johannesburg zuwa Saint Helena, sannan wani da ke haɗa Saint Helena da Ascension sau ɗaya a wata. Ga ɗan Najeriya wannan hanya tana nufin takardun Afirka ta Kudu, da izinin Saint Helena, da na Ascension, kuma wanda ya rasa jirgin wata-wata sai ya zauna ya jira na gaba. Na zaɓi ta Ingila, duk da ciwon da ke cikin mutum ya tashi daga Afirka ta Yamma ya nufi arewa awa shida, domin kawai ya dawo kudu ya ratsa ta saman yankin da ya baro.

Ofishin tafiye-tafiyen ya riƙe mini kujera ta ƙarshen Janairu na 2024, da ta dawowa a farkon Maris, domin ina son in kasance a gida kafin a ɗauki azumi. Sun gaya mini a fili cewa jirgin na soja ne, bukatar soja ita ce gaba, kuma rana tana iya canzawa. Daga nan sai masauki. Ba a ba da izinin shiga sai mutum ya nuna inda zai kwana, kuma gadajen baƙi a tsibirin ƙalilan ne, saboda haka ba batun in na isa na nema ba ne. Ni sashen kare muhalli ne ya ba ni ɗaki a gidan da suke saukar da masu bincike a Georgetown, suka turo mini da takardar tabbaci, ita na ajiye tare da izinin binciken da ya iso a ƙarshen Nuwamba.

Inshora ce ta fi ba ni wahala, kuma ita ce ta ci mini kuɗi a banza. Na sayi inshorar tafiya irin wadda muke saya idan za mu je taro a Turai, daga wani kamfani a nan gida, na biya, aka ba ni takarda mai hatimi. Da na zo cika fom ɗin izinin shiga sai na ga sharaɗin ya wuce kuɗin magani, dole inshorar ta ɗauki nauyin kwashe majiyyaci ta jirgin sama zuwa wata ƙasa. Dalilin a bayyane yake: asibitin Georgetown ƙarami ne, yana iya ɗaukar ƙananan lalurori da taimakon gaggawa, amma babban ciwo ko mummunan rauni sai an ɗauki mutum zuwa Afirka ta Kudu ko Birtaniya, kuma kuɗin irin wannan jirgi ba abin da malamin jami'a zai biya daga aljihunsa ba ne. Na koma wa kamfanin, suka duba jerin ƙasashensu ba su ga Ascension ba, wanda ya karɓe ni ya ce ai "duk duniya" aka rubuta a takardar. Na nemi su rubuta sunan tsibirin da batun kwashe majiyyaci ƙarara, suka ce ba za su iya ba, kuma kuɗina bai dawo ba. A ƙarshe jami'ar abokin aikina ce ta saka ni a cikin inshorar da take yi wa masu aikinta na fili, aka ba ni wasiƙa da ta ambaci sunan tsibirin da ranakun tafiya. Wannan ya ci mini kwana goma sha biyu.

Da takardun nan huɗu a hannu, wato izinin bincike, da tabbacin masauki, da kujerar zuwa da dawowa, da wasiƙar inshora, neman izinin shiga ya zo da sauƙi. A intanet ake yin sa baki ɗaya, babu zuwa ofishin jakadanci, babu aika fasfo. Mutum zai zaɓi rukuninsa, ko ɗan yawon buɗe ido, ko ɗan kasuwa, ko mai bincike, ko ma'aikacin kwangila, ko iyalin ma'aikaci, ya ɗora hoton fasfonsa da sauran takardu, ya biya da kati. Kuɗin izinin shi ne mafi ƙanƙanta a duk abin da aka kashe a tafiyar, amma katina na naira ya ƙi biya saboda iyakar da bankuna suka sa wa kashe kuɗin waje a lokacin, sai wani ƙanena da ke karatu a ƙetare ya biya mini na mayar masa. Akwai ƙasashen da ba a ba 'yan asalinsu wannan izini kwata-kwata, cikinsu har da Rasha da Sin da Iran, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum irin wurin da yake neman shiga. Izinina ya zo ta imel bayan kwana tara. Na buga kwafi uku.

Sai bizar Birtaniya, wadda na fara da ita a ruɗe kuma ita ce ta ƙarshe a tsari. Tunda jirgin daga sansanin soja yake tashi ba daga filin jirgin Heathrow na Landan ba, dole mutum ya shiga cikin ƙasar sosai, ya bi ta shige da fice, ya hau mota ko jirgin ƙasa zuwa Oxford. Akwai bizar mai wucewa, wadda ta fi araha, amma awa 48 kawai take ba mutum ya bar ƙasar. Abokin aikina ya hana ni neman ta, na nemi bizar ziyara ta watanni shida, wadda a lokacin kuɗinta fam 115 ne kuma ana shiga da ita fiye da sau ɗaya, abin da nake bukata domin dawowa ma ta nan zan bi. Na cika fom a farkon Disamba, na je Abuja aka ɗauki hoton yatsuna da na fuskata, na haɗa da wasiƙar da ke bayyana cewa Ingila hanya ce kawai, tare da izinin Ascension da tikitin jirgin sojan. Fasfona ya dawo cikin makonni uku da 'yan kwanaki. Sai bayan na riƙe shi a hannu na sayi tikitin Abuja zuwa Landan, kuma a makonnin nan naira tana ta faɗuwa, ta yadda kuɗin guzurin da aka ƙiyasta mini a Satumba ya kasa sayen fam ɗin da aka yi lissafi da shi.

Daren da zan bar gida na je yi wa mahaifina sallama. Na yi ta ƙoƙarin bayyana masa inda za ni, sai na tuna cewa tun 1966 BBC take da tashar watsa shirye-shirye a tsibirin, wadda ke jefo siginar gajeren zango zuwa Afirka, har da shirye-shiryen Sashen Hausa. Na ce, "Baba, wurin da muryar rediyonka take biyowa kafin ta iso nan, can za ni." Ya ɗauki rediyon da ke gefen shimfiɗarsa ya juya shi a hannu, ya ce, "To, Allah ya kai ka lafiya, ka dubo mana shi da kyau."

Na isa Landan kwana biyu kafin ranar tashi. A daren da aka sa na je Brize Norton, aka duba fasfona a ƙofar sansanin, aka nemi sunana a jerin fasinjoji, aka shigar da mu ɗakin jira tare da sojoji da ma'aikatan kwangila da iyalai masu komawa Falkland. Muna zaune aka sanar cewa an ɗage tafiyar da awa 24 saboda iska mai ƙarfi a filin jirgin Falkland, abin da waɗanda suka saba hanyar suka karɓa ba tare da ko ɗaga kai ba. Ni kuwa a lokacin na gane darajar shawarar da aka ba ni, domin da bizar mai wucewa nake riƙe da ita, da wa'adina ya ƙare ina zaune a kan kujerar jira. Washegari da dare muka tashi, muka yi awa takwas da wani abu a sama, muka sauka da safe.

Abin da ido ke fara gani daga taga shi ne tuddai jajaye da baƙaƙe masu ƙarancin kore, da dogayen eriyoyi da fararen ƙwallaye na na'urorin sadarwa, sai tsauni ɗaya a tsakiya da gajimare ya lulluɓe kansa. Filin jirgin sunansa Wideawake, an ɗauko sunan daga kukan wasu tsuntsayen teku da ke ƙwai a kusa da shi. Sojojin Amurka ne suka gina shi a 1942 domin jiragen da ke ratsa teku daga Barazil zuwa Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har yau Amurkawa ke tafiyar da shi tare da sojan saman Birtaniya. Daga nan ne Birtaniya ta tura jirage da kaya a yaƙinta da Ajantina kan Falkland a 1982. An gargaɗe mu tun a cikin jirgi cewa ba a ɗaukar hoto. Masu wucewa aka kai su wani fili mai shinge su jira a zuba mai, mu 'yan ƙalilan masu sauka aka kai mu wani ƙaramin ɗaki. Jami'in ya karɓi fasfo da izinin da na buga, ya nemi ganin wasiƙar inshora da ranar fitata, ya buga hatimi. Bayansa sai jami'ar hana shigo da cututtukan tsirrai da ƙwari, wadda ta juya takalman aikina tana duba ƙarƙashinsu, ta tambaye ni ko na kawo iri ko ɗanyen abinci. Na wanke takalman tun a gida saboda an faɗa mini, kuma na bar kilishin da aka shirya mini saboda wannan dalili. Duka-duka bai kai rabin awa ba.

Kwanakin farko na yi su ne wajen koyon zama. Babu motar haya da mutum zai tsayar a titi, sashen ne ya ba mu mota ta aiki. Layin wayata bai kama ba, sai da na sayi na kamfanin sadarwar tsibirin, kuma intanet ɗin yana da tsada har na koyi tara saƙonnina in aika sau ɗaya da yamma. Kuɗinsu fam ɗin Saint Helena ne, darajarsa ɗaya da na Ingila, ana karɓar duka biyun, kuma na ji daɗi da na zo da tsabar kuɗi domin ba ko'ina kati ke aiki ba. Kayan kanti jirgin ruwa da jirgin sama ke kawo su, idan sun yi jinkiri sai kantocin su yi fayau, musamman ɓangaren kayan lambu. Ban samu naman yanka ba, kifi na yi ta ci, wanda yake da yawa kuma sabo, na kuma koyi tambayar abin da ke cikin dafa-dukar shinkafar mutanen Saint Helena kafin in ci, domin sau da yawa akwai naman alade a ciki. Salla a ɗakina nake yi, alƙibla tana arewa maso gabas, agogonsu kuma yana bayan namu da awa ɗaya.

A hirar da nake yi da ma'aikatan da muke fita fili tare ne na fahimci dalilin da ya sa kowace takarda da aka nema a wurina take tambayar ranar da zan fita. A Ascension babu wanda yake da haƙƙin zama na dindindin. Kowa ko dai yana da kwangilar aiki da ɗaya daga cikin 'yan hukumomin da ke tsibirin, ko kuma iyalin mai kwangila ne. Ba a mallakar gida, ba a yin ritaya a can, yaron da aka haifa a tsibirin ya yi makarantar ƙauyen Two Boats, idan ya kai shekara 18 sai ya samu aiki ko ya tafi. Na yi aiki da wani dattijo ɗan Saint Helena da ya shafe fiye da rabin rayuwarsa a wurin, 'ya'yansa duk nan suka tashi, kuma yana lissafin watannin da suka rage masa. A 2002 aka fara karɓar harajin albashi aka kuma zaɓi majalisar tsibiri ta farko, mutane suka sa rai cewa haƙƙin zama zai biyo baya, amma a 2006 gwamnatin Birtaniya ta yanke cewa ba za a ba da shi ba. Majalisar tana nan, ana zaɓenta, sai dai shawara take bayarwa, hukunci yana hannun Gwamna da Kantoma. A ganina wannan tsari bai yi wa waɗannan mutane adalci ba, domin ana karɓar harajinsu kuma su ne ke riƙe da wutar lantarki da ruwa da asibitin wurin, amma na fahimci inda ya samo asali. Lokacin da Birtaniya ta girke sojoji a nan a 1815, domin kada a yi amfani da tsibirin wajen kuɓutar da Napoliyon, tsohon sarkin Faransa da ke tsare a Saint Helena, hukumar sojan ruwa ta lissafa shi ne a matsayin jirgin ruwan yaƙi, ta kuma mulke shi haka har 1922. Daga nan kamfanin wayar tangaraho ya riƙe shi har 1964, lokacin da aka naɗa Kantoma na farko.

Aikinmu ya kai mu kusan ko'ina da izininmu ya halatta. Itacen ƙayar an kawo shi ne a shekarun 1960 domin ya riƙe ƙasa a lokacin da ake gina ƙauyen Two Boats, sai jakunan da suka zama na daji suka yi ta cin 'ya'yansa suna baza irin a kashinsu, daidai yadda awaki da raƙuma ke yi a wurinmu. Yanzu ya sauko har bakin rairayin da manyan kunkurun teku ke zuwa daga Barazil su yi ƙwai, kuma na ga su da dare a Long Beach, gab da Georgetown, suna haƙa rami. Mun hau Green Mountain, tsaunin nan da na hango daga taga, mai tsayin mita 859, inda a ƙarni na 19 aka yi ta kawo tsirrai daga sassan duniya bisa shawarar masanin tsirrai Joseph Hooker har kansa ya zama kurmi mai gora da danshi. Na je English Bay na tsaya daga waje na dubi turakun eriyar BBC, kusa da tashar da ke ba farar hular tsibirin wuta da ruwan sha da ake tacewa daga teku, na ɗauko wa Baba hoto daga kan hanya. Na kuma ziyarci ƙaramar maƙabartar Bonetta a Comfortless Cove, inda aka binne ma'aikatan jiragen da ke sintirin hana cinikin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda cutar shawara ta kashe bayan an killace su a wurin.

A mako na huɗu na ga cewa aikin zai fi amfani idan na kwatanta irin itacen na can da na Tafkin Chadi a ɗakin gwaji. Na je ofishin sashen kare muhalli na tambaya, jami'ar ta buɗe fayil ɗina ta nuna mini kalmar "babu" da na rubuta da hannuna a Oktoba. Ta bayyana mini cikin mutunci cewa fitar da samfuri yana bukatar a gyara izinin, kuma ko sun amince, sai na samu takardun shigar da iri daga Birtaniya da zan ratsa da kuma hukumar killace tsirrai ta Najeriya, abin da kwana goman da suka rage mini ba za su isa ba. Na dawo da awo da hotuna kawai, kuma laifin nawa ne.

Wanda zai bi wannan hanya daga Najeriya ko Nijar, ya fara da neman wanda zai karɓe shi a tsibirin, domin daga wurinsa izinin aiki da masauki suke fitowa, sannan kujerar jirgi, sannan inshora, sannan izinin Ascension, sannan bizar ƙasar da zai ratsa, kuma kada ya sayi tikitin barin gida sai duk waɗannan sun kammala. Ya ba kansa watanni biyar, domin ni huɗu sun ishe ni ne da ƙyar. Kada ya biya kuɗin inshora sai ya ga sunan tsibirin da batun kwashe majiyyaci a rubuce. Ya rubuta a fom ɗin bincike duk abin da zai yiwu ya so ɗauka, ko da bai tabbata ba, domin ragewa ta fi ƙarawa sauƙi. Ya bar aƙalla kwana biyu tsakanin saukarsa a Brize Norton da jirginsa na komawa gida, ya kuma sayi tikitin da ake iya canza masa rana, domin jirgin dawowa daga Falkland yake tasowa kuma iskar can tana iya riƙe shi. Ya riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfonsa, ya buga kowace takarda a kan farar takarda kada ya dogara da waya. Kafin ya tafi filin jirgi kuma ya kashe fam ɗin Saint Helena da ke aljihunsa ko ya musanya su da na Ingila a reshen bankin da ke Georgetown, domin a waje ba a karɓar su. Ni na manta da wannan, kuma takardun fam goma guda biyu suna nan a cikin littafin awona.